Neman shawara: ina ɗalibar digiri na biyu za ta samu tallafin bincike kan rashin daidaito a harkar lafiya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, ina kuma digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Darussa sun ƙare, saura bincike. So nake in gano abin da ke hana matan ƙauyukanmu haihuwa a asibiti, alhali ga matan Kawo ko Unguwar Rimi a cikin garin Kaduna abin ya zama jiki. Mace za ta yi ta zuwa awo har mu saba, ranar haihuwa shiru. Sai washegari a kawo ta kwance a Keke Napep, jini ya ƙi tsayawa. In an tambayi mijin ya ce dare ne ba abin hawa, ko ya ji tsoron kuɗin da za a ce ya kawo.

Na tsara shiga mazaɓu da dama, amma kuɗin mota, ladan masu taya ni tambayoyi da buga takardu sun fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba. Wasu sun ce in nemi TETFund, wasu Chevening. Don Allah ta ina zan fara?

Wani malamin jami'a, Samaru: Wa alaikumus salam. Malama, bari in fara rage miki wahala. In ke ba ma'aikaciyar jami'a, foliteknik ko kwalejin ilimi ta gwamnati ba ce, TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ba zai ba ki ko sisi da sunanki ba. Malamai yake ba wa ta hannun makarantunsu. Chevening kuwa kuɗin zuwa Birtaniya ne a yi digiri na biyu na shekara ɗaya, ba ruwansa da binciken karatun da kike yi a gida. CARTA ma, shirin horar da masu bincike a Afirka, na digiri na uku ne, kuma a Najeriya ma'aikatan jami'o'in Ibadan da Ife yake ɗauka.

Gaskiyar da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba ita ce, kuɗin da ake warewa kai tsaye don binciken digiri na biyu kaɗan ne ƙwarai. Akasarin ɗaliban da na ga sun gama ba tare da cin bashi ba, jingina suka yi da aikin wani babba. Malamin da ya samu kuɗin TETFund ko na ƙungiyar waje yana neman masu tattara bayanai, ke kuma kina da abin da ba shi da shi, wato mutanen ƙauye sun san ki, sun yarda da ke. Ki tambayi mai duba aikinki kai tsaye, wa ke da aikin bincike a hannu yanzu? Ki leƙa sashen lafiyar al'umma na ABU Zariya da na jami'ar jihar Kaduna, KASU. A Jami'ar Bayero akwai cibiyar ACEPHAP, wadda aikinta ke nan, lafiyar jama'a da tsare-tsarenta. Ki tafi da shafi ɗaya tak: tambayarki, inda za ki yi, da abin da kike buƙata.

Sannan rabin aikinki an riga an yi miki shi. Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya, wato NDHS, na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Najeriya ne aka yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16 ne kawai. Akwai kuma binciken gidaje na MICS na 2021 da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da UNICEF. Duka biyun Kaduna na ciki, kuma sun kasa gidaje rukuni biyar, daga mafi talauci zuwa mafi wadata, ga birni da ƙauye, ga zurfin karatun uwa. Ana ba masu bincike bayanan kyauta in sun yi rajista sun bayyana manufarsu. Da manhajar nazarin alƙaluma mai suna R, ita ma kyauta, za ki auna tazarar da ke tsakanin matar talaka da ta mai hali ba ki hau mota ko sau ɗaya ba.

Wata ungozoma, Kafanchan: Dakta, Allah ya ƙara basira, amma ina da ɗan ja. Alƙaluma za su nuna mata girman tazarar, ba za su gaya mata abin da uwar miji ta ce a daren naƙuda ba. Ƙanwata, ki rage filin, kada ki bar shi. Mazaɓa biyu sun isa, ɗaya bakin titi, ɗaya can ciki inda rafi ke yanke hanya da damina. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kuɗin buga takardu ki manta da shi, ki sa tambayoyin a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, tana aiki a waya ko babu sabis. Ki fara da gaida mai unguwa da kwamitin ci gaban mazaɓa, su za su tara miki ungozomomin gargajiya. Mazan kuma ki sa namiji ya same su a majalisa bayan la'asar, don a gabanki ba za su buɗe ciki ba.

Ki ƙara tambaya ɗaya da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF don marasa ƙarfi su samu kulawa a ƙananan asibitoci, a jiharmu kuma hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ke yi musu rajista. Shin matar da ta fi kowa talauci a ƙauyen tana cikin rajistar? In tana ciki, ta sani? Amsar wannan ko a Ma'aikatar Lafiya za a saurare ta.

Wani ɗalibin digiri na uku, Barnawa: Yaya, akwai ƙofa ɗaya da ta dace da ke. Ƙungiyar RSTMH ta Landan, ta masu binciken cututtukan ƙasashe masu zafi, tana ba masu fara bincike tallafin da ya kai fam 5,000 don aikin shekara ɗaya, kuma 'yan Najeriya na samu. Sau ɗaya ake buɗewa a shekara, masu nema na da yawa, sakamako na ɗaukar watanni. Don haka kada ki ɗaure kundinki da shi. Ki gama ƙaramin aikin da Anti ungozoma ta faɗa, sai ki nemi kuɗin faɗaɗa shi da sakamakonki a hannu. Ki rubuta kasafin dalla-dalla, har kuɗin acaɓa da katin waya. Gaba kuma ki sa ido kan tallafin karatu na TDR, shirin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da ke zaune a Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda Jami'ar Ghana na cikin masu karɓar ɗalibansa. Shi ne ke koyar da binciken dalilin da ya sa shiri mai kyau ba ya isa ga waɗanda aka yi dominsu.

Wata 'yar'uwa, Tudun Wada: Ni gargaɗi ne nawa. Duk wanda ya turo miki sanarwa a WhatsApp ya ce ki biya kuɗin fom kafin a ba ki tallafi, damfara ce. Kuma tun da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da tallafi, USAID, a 2025, ƙungiyoyi da yawa sun tsuke hannu, sanarwar bara ba lallai tana nan bana ba. Ki riƙa duba shafin masu abin da kansu.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, wallahi kaina ya waye. Zan koma mazaɓa biyu, in haɗa da bayanan NDHS. Dakta, izinin kwamitin ɗa'ar bincike fa? In jira sai na samu kuɗi?

Malamin jami'a, Samaru: A'a, yanzu za ki nema, da zarar sashenku ya amince da tsarin binciken. Tunda a asibitocin jiha da ƙauyukanta za ki yi aiki, kwamitin Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna za ki kai wa, ki kuma tambayi sashenku ko suna buƙatar na asibitin koyarwa. Ki haɗa da takardar neman amincewar mahalarta da Hausa mai sauƙi, wadda za a karanta wa macen da ba ta yi boko ba ta gane cewa tana da damar ƙin amsawa, kuma hakan ba zai taɓa kulawar da kike ba ta a asibiti ba. Kada ki yi wa kowa tambaya ko ɗaya kafin takardar izinin ta fito, don mujallun kirki ba sa buga aikin da aka yi babu ita.