Na karanci kula da muhalli a jami'a, ina ake samun aiki da wannan digiri?

Ƴar Gombe:
Assalamu alaikum. Na kammala digiri a fannin kula da muhalli, kuma saura wata 3 in gama hidimar ƙasa. A gida kowa yana tambayata ko duba-gari zan zama, ni kuwa na kasa ba su amsar da za ta gamsar, domin a jami'a mun taɓa komai kaɗan-kaɗan, daga nazarin ƙasa da ruwa har dokoki da zanen taswira. Ina roƙon waɗanda suka riga mu shiga wannan fage su bayyana mini inda ake samun aiki, da abin da ya kamata in yi a watannin da suka rage.

Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam, ƴata. Ki fara da warware wa mutanen gida wannan ruɗani. Duba-gari lafiyar muhalli ya karanta, yana da majalisar da ke yi masa rajista da ba shi lasisi, kuma digirinki ba zai ba ki wannan lasisin ba. Wuraren da suka dace da ke a gwamnati su ne Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, wadda aka kafa a 1999, da ma'aikatun muhalli na jihohi, da hukumar NESREA da aka kafa a 2007 domin tilasta bin dokokin muhalli, sai kuma hukumar da ke kula da shirin ganuwar bishiyoyi don tare hamada, wadda ke aiki a jihohi 11 na Arewa, har da Gombe. Ba zan ɓoye miki ba, ɗaukar ma'aikata a waɗannan wurare sai an daɗe ake yi. Ki riƙa sa ido a kan shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021, domin yana aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja, amma ki sani aikin shiri na kwantiragi ne, yana ƙarewa da ƙarewar shirin.

Mai Awon Ruwa:
Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, sai dai ni a kamfanoni masu zaman kansu na sami abincina, ba a gwamnati ba, kuma ina ganin ƙofar ta fi faɗi a can. Bayan da aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko, da ke jihar Delta a yau, a 1988, Najeriya ta tsaurara dokokinta, har aka yi dokar 1992 wadda ta wajabta nazarin illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Duk mai son gina madatsar ruwa, ko babbar hanya, ko masana'antar siminti, dole ya biya kamfanin masu ba da shawara su yi masa wannan nazari, kuma waɗannan kamfanoni su ne suka fi ɗaukar irinmu.

Ƙanwata, ba za su tambaye ki ma'anar sauyin yanayi ba. Za su tambaya ko kin iya ɗibar samfurin ruwa daga magudanar masana'antar jima, irin waɗanda ke Challawa da Sharaɗa a Kano, ki adana shi yadda ba zai gurɓata ba kafin ya isa ɗakin gwaji, ko kin iya haɗa taswira a kwamfuta, ko kin iya rubuta rahoto mai tsabta. Manhajar haɗa taswira ta QGIS kyauta ce, kuma wata 3 sun isa ki iya abin da za ki nuna. Ki zaɓi kwazazzabo ɗaya a cikin garin Gombe, ki auna shi, ki zana taswirarsa, ki rubuta shafi 5 a kansa. Wannan zai yi miki magana fiye da takardar neman aiki.

Akwai abin da har yau yake damuna. A kamfanin da na fara aiki, an taɓa ba ni tsohon rahoton wani aiki aka ce in sauya sunan gari kawai. Na ƙi, kuma ban daɗe a wurin ba, domin mutanen ƙauyen da ke cikin rahoton su ne za su sha ruwan.

Maman Hanifa:
Ni da ƙungiyoyin agaji nake aiki, a ɓangaren ruwan sha da tsafta. Tun bayan gubar dalma da ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, aka ga amfanin mace mai ilimin muhalli, domin a cikin gidaje ake dakan duwatsun zinariya masu ɗauke da dalmar, kuma namiji baƙo ba ya shiga gidan matan aure. Hausarki da kasancewarki mace jari ne, ki rubuta su a takardunki.

Ƴar Gombe:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, shin in tafi digiri na biyu kai tsaye?

Mai Awon Ruwa:
Idan koyarwa a jami'a kike so, ki tafi. Idan ba haka ba, ki yi aƙalla shekara 2 a fagen aiki tukuna, domin a lokacin ne za ki san ko ruwa ne ya fi jan hankalinki, ko ƙasa, ko taswira.