Neman shawara: kalma ɗaya ta haɗa ni da mahaifin ɗalibata

Malama mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai. Don Allah ku taimaka mini kafin ranar Litinin, tun shekaranjiya hankalina ba a kwance yake ba.

Ilimin halittu nake koyarwa a wata makarantar kuɗi, shekarata ta huɗu ke nan, shi na karanta a kwalejin ilimi haɗe da kemistiri. A zangon da ya wuce malamin lissafinmu ya samu aikin gwamnati ya tafi, mai makaranta ya ce in riƙe 'yan SS2 kafin a samo wani. Yau wata biyar ba a samo ba, ba a kuma ƙara mini ko kwabo ba. Littafin ma a wajen ƙanin mijina na aro. Sai na kwantar da yarinyata da daddare nake zama in koya wa kaina abin da zan koyar gobe. Yaran nan Turanci na ba su wuya, shi ya sa nake rubuta musu taƙaitaccen bayani da Hausa in buga in raba.

To, a darasin halittu na gaya musu kafin zuwan Liniyas, masanin da ya tsara sunayen halittu, ana kiran tsirrai da dogayen sunaye, tsarin da littafi ya kira polynomial, na fassara shi da "mai sunaye da yawa". A satin nan kuma muka iso babin folinomiyal, wato polynomial ɗin dai, a lissafi. Wallahi daɗi na ji, na ce ga kalmar da na sani, na sa fassara iri ɗaya. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malama, ina sunayen a 3x² + 2x + 5?" Na ce x suna ne. Ta ce ai x ɗaya ce, ina sauran? Na ce za mu dawo kai. Ta kai takardar gida, ranar Alhamis sai ga mahaifinta, wai ina cakuɗa wa yara darussa biyu. Mun yi magana, ba ta yi daɗi ba. Yanzu shugaban makaranta ya ce Litinin in zo da duk takardun.

Kuskure na yi? In ba da haƙuri ko in tsaya kan maganata?

Tsohon malamin lissafi:
Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki. Shekara talatin da biyar na yi da alli a hannu, kuma ina gaya miki fassararki ta fi ta masu yi miki tsawa tushe. "Poly" Girkanci ne, ma'anarsa da yawa. Ragowar kalmar daga binomial, wato mai suna biyu, aka ɗauko ta, ita kuma tana komawa ga nomen na Latin, wato suna. Rabi Girkanci rabi Latin, kuma sai a ƙarni na 17 ta shiga Turanci. Asalin abin yana littafi na 10 na Uƙlidis, masanin lissafin da ya rayu a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin Annabi Isa. Layin da tsawonsa yake kamar 3 + √5 ya kira shi "mai suna biyu", domin ɓangarorin biyu ba sa narkewa su zama adadi ɗaya, dole kowanne a kira shi da sunansa. Malaman Bagadaza da suka mayar da littafin Larabci suka ce "zul ismaini". A ƙarni na 12 irin su Jerad na Kirimona suka fassara shi daga Larabci zuwa Latin a Toledo, kuma binomium ake ce masa a Latin ɗin. Amsar da ya kamata ki ba yarinyar: akuya uku, kaza biyu, naira biyar, za ta iya haɗa su ta ce goma? Goma na me? To x² suna ne, x suna ne, zallar adadi suna ne. Alhawarizmi, malamin aljabra, wajen shekara ta 820 da sunaye yake kiran su ƙarara: x² mal, x jizr, zallar adadi adad. Ki je Litinin da ƙafarki, kada ki ba kowa haƙuri.

Malamin lissafi na SS3:
Baba, Allah ya ƙara girma, tarihin nan ban musa ko ɗaya ba. Amma yaro ba asalin kalma zai rubuta a WAEC ba. Malama, ki gwada wannan: 7 ita kaɗai folinomiyal ce, 5x ma haka, ina "da yawa" a nan? Ga kuma x + 1/x + √x, ɓangare uku ne cur, amma ba folinomiyal ba ce, saboda sharaɗin shi ne ƙaramar lambar da ke saman x ta zama cikakken adadi, sifili ko sama. Yaron da ya haddace "mai sunaye da yawa" duka biyun zai faɗi. Ni "gaɓa" nake ce wa kowane ɓangare. Larabawan ma yanzu sun bar suna, kasiratul hudud suke cewa, wato mai gaɓoɓi da yawa. Ki amsa cewa bayanin bai cika ba, ki gyara, a wuce wurin.

Malama mai tambaya:
Malam, ai na rubuta sharaɗin a shafi na biyu. Ban ce fassarar ita ce ma'anar duka ba, ƙofa ce kawai ta shiga. Kuma ni ban nemi ajin nan ba.

Uwar 'yan biyu:
Ni dai tambayata, takardun nan kyauta kike rabawa? Don mu iyaye mun gaji. Makarantar yarana kowane malami da tasa takardar, an biya kuɗin makaranta, an biya na littafi, ga na jarrabawa, sannan yaro ya dawo ya ce in bai saya ba malam ba zai duba aikinsa ba. Watan jiya sai da na sayar da atamfata. Wataƙila ba kalmar ce ta kawo uban ba.

Malama mai tambaya:
Hajiya, da kuɗina na fara bugawa har sau uku. Daga baya ne na ce kowa ya kawo ɗari biyu, kuɗin buga takarda kawai, ribar sisi ban ci ba.

Uwar 'yan biyu:
Shugaban makaranta ya san da ɗari biyun?

Tsohon malamin lissafi:
A bar maganar ɗari biyu, ilimi ake yi. Malamin SS3, ɗana, ai abin da ya kashe lissafi a ƙasar nan ke nan, a ba yaro ƙa'ida ba tare da ya san daga ina ta fito ba. Ita kanta x da ƙaramar 2 a samanta Dekat, masanin lissafi ɗan Faransa, ne ya yaɗa ta a 1637, shi ya ware x, y, z ga abin da ba a sani ba, a, b, c ga wanda aka sani. Kafin nan da zance da alamu iri-iri ake lissafin. Na taɓa kawo wannan a wani taron bita, wani jami'i ya ce ina ɓata lokaci, shekara biyu takardar ƙarin girmana na kwance a ofishinsa. 'Yata, ki tsaya.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Mu nan Nijar polynôme aka koya mana, folinom muke cewa ko muna hira da Hausa, ba mu taɓa jin ya hana mu komai ba. Kamar yadda aka bar aljabra aka bar sifili, a bar wannan ma. Bayani da Hausa, suna yadda zai zo a jarrabawa. Amma ina jinjina miki kan Hausar. Mu a firamare duk wanda ya yi Hausa a aji sai a rataya masa alamar hukunci a wuya, ya yi ta fakon wani ya suɓuce ya miƙa masa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Malama mai binciken tsirrai:
'Yar'uwa, kowa ya tafi lissafi, ni kuwa a ɓangarenmu na ga matsalar. Tsiro a wancan zamani ba sunaye da yawa gare shi ba, suna ɗaya ne mai kalmomi da yawa. Dabbobi ma haka, ɗauki ƙudan zuma: Apis pubescens, thorace subgriseo, abdomine fusco, pedibus posticis glabris utrinque margine ciliatis. Kalma goma sha biyu, kuma duka siffantawa ce, mai gashi, ƙirji toka-toka, ciki mai duhu, har ƙafafun baya an faɗi yadda suke. Kamar kirari ne ya tsaya a madadin suna, kuma da an gano wani jinsi mai kama da shi sai a ƙara wa kirarin tsawo don a bambanta. Kasfa Bohin, wani masanin tsirrai, ya fara rage su a 1623. Liniyas, mutumin Suwidin, a littafinsa na tsirrai na 1753 bai ma jefar da doguwar jimlar ba, a gefen shafi ya riƙa rubuta gajeriyar kalma ɗaya, ita ce mutane suka riƙe tare da sunan dangin. Na dabbobi ya biyo a 1758, ƙudan zuma ya zama Apis mellifera. Kuka ta zama Adansonia digitata, tsamiya Tamarindus indica. In kika ce "mai sunaye da yawa", yaro zai ɗauka irin zogale ne da wasu ke ce wa zogalagandi wasu bagaruwar Makka. "Suna mai kalmomi da yawa" ya fi daidai. Don haka ba fassara ɗaya za ta ɗauki darussan biyu ba.

Malama mai tambaya:
Yaya, na gode, amma a aji na yi musu bayanin da baki, na ma rubuta misali a allo, kuma duk sun ci tambayar a gwaji. Ba ɓangaren halittu uban ya zo a kai ba. In na ce can ma da gyara, ai na ba shi wuƙa da nama.

Malamin makarantar kuɗi:
Duk wannan dogon Turanci ne. An ɗora miki aikin mutum biyu a albashin mutum ɗaya, yanzu kuma ke za a tsayar. Ni haka aka yi mini, fizis da lissafi da tsaron ƙofa da safe, wata uku ba albashi, da na yi magana aka ce ga hanya. Litinin ki ce kin ajiye lissafin, su nemo mai shi.

Malama mai tambaya:
Ba zan iya ajiyewa ba, yaran sun saba da ni, saura shekara ɗaya su zana jarrabawa.

Tsohon malamin lissafi:
Haka ake so. Malama mai tsirrai ta yi gaskiya a nata fannin, amma ku lura duk hanyoyin biyu ga "suna" suka koma, abin da 'yata ta hango ke nan. Ki rubuta zul ismaini da manyan baƙi ki ajiye gaban uban. In mai karatu ne zai gane.

Malamin lissafi na SS3:
Baba, in ya tambaye ta ko 1/x folinomiyal ce fa, zul ismaini zai amsa mata?

Malama mai tambaya:
Na kwafe bayanin Baba zan tafi da shi. Na gyaran kuma zan duba in na samu lokaci, yarinyata ba ta da lafiya tun safe. Akwai wanda ya san ko an taɓa fitar da ƙamus ɗin kalmomin lissafi na Hausa da ya kai matakin SS2?

Uwar 'yan biyu:
Allah ya ba ta lafiya. Amma har yanzu ba ki gaya mana me kika ce wa uban ranar Alhamis ba, ba ki kuma amsa mini maganar ɗari biyun ba.