Ɗakin tattabaru a tsakar gida: katako ko jarka? A taimaka da shawara kafin Asabar

Baban Ilham

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu kiwon tattabaru a cikinku shawara nake nema. Mu huɗu ne a majalisarmu muka tsiri wani abu, duk Asabar sai mu haɗu a gidan mutum ɗaya mu yi masa aikin nan da ya daɗe yana ce wa matarsa gobe zan yi gobe zan yi, an gyara wa wani famfo da kwata, wani an yi masa fentin zaure, to yanzu layi ya zo kaina kuma ni abin da ke raina ɗakin tattabaru ne. Tun ina yaro nake sonsu amma ban taɓa riƙe nawa ba saboda zaman gidan haya, yanzu alhamdulillahi an samu ɗan matsuguni a Hotoro, akwai wani lungu bayan kicin kamar ƙafa 6 da 4 ba komai a ciki sai tsofaffin bokitai.

Gardamar da muke yi kenan, ɗaya daga cikinmu ya ce kar in ɓata kuɗi, in nemo jarkoki masu lita 25 a yanke musu baki a rataye jikin katanga shikenan, ɗayan kuma ya dage sai an yi na katako da raga mai ƙofa. Wanne ya fi? Guda nawa ya kamata in fara da su, kuma idan na kawo su yaushe zan sake su ba su gudu ba? Uwargida dai har yanzu ba ta ce eh ba, ba ta kuma ce a'a ba.

MaiTattabaru Gwale

Wa alaikumus salam Baban Ilham, sannu da shigowa harka, amma ka sani abin nan idan ya shiga jikin mutum ba ya fita.

Jarka tana aiki ba ƙarya abokinka ya yi ba, kafin jarka ma tukwane da ƙore iyayenmu ke ratayewa a ƙarƙashin indararo kuma tattabarun suna hayayyafa lafiya lau. Matsalar ita ce kai sabon farawa ne, tattabarun da za ka saya ba su san gidanka ba, dole sai ka kulle su, to a jarka ta ina za ka kulle? Shi ya sa ni ina bayan mai cewa a yi na raga mai ƙofa, daga baya idan sun yi yawa sun saba sai ka ƙara jarkokin a gefe, 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a gidan ba inda za su.

Abin da mutane da yawa ba sa lissafawa wajen gini shi ne kowane aure ɗaya, wato mace da namiji, gurbi biyu yake buƙata. Tattabara ƙwai biyu take yi, su kwanta a kai kamar kwana 18, namijin yana karɓar kwanci da hantsi har zuwa la'asar macen kuma ta kwana a kai, idan suka ƙyanƙyashe 'yan shilan ba sa tashi sai sun kai wata guda ko fiye kaɗan, amma ita uwar tun suna kamar sati biyu zuwa uku take neman inda za ta sake saka wani ƙwan. In babu gurbi na biyu sai ta saka a cikin 'ya'yan su tattake shi su ɓata shi da kashi, ko ta je ta ƙwace gurbin maƙota a yi ta faɗa ana fasa ƙwai. Saboda haka in aure 4 za ka fara da su, wanda ni shi nake ba ka shawara kar ka wuce haka, to gurbi 8 za ku buga, kowanne ƙafa ɗaya tsawo ƙafa ɗaya faɗi ƙafa ɗaya tsayi, a sa ɗan falanki a bakin kamar yatsa uku don kar ƙwai ko ɗan shila ya gangaro.

Maganar saki kuwa kar ka yi gaggawa. Wasu za su ce maka sati biyu ya isa, ni ba na sakin babbar tattabara sai na ga ta yi ƙwai ta kwanta, wannan ƙwan shi ne igiyar da ke dawo da ita. Ranar farko kuma da yamma lis za ka buɗe, kafin ka ba su abinci, ka bar su su fito da kansu kar yara su kora su, za su hau katanga su kalli unguwa yunwa ta dawo da su. In ka saki da safe cikinsu a cike to wallahi wanda ya sayar maka zai same su a gidansa kafin azahar ya sake kai su kasuwa. Masu fige fiffike ko ɗaure shi da zare ni ban cika so ba, tunda kana da ƙofa me ya kai ka.

Sai wajen saye. Ka tafi da wanda ya san su, don bambance mace da namiji a tattabara ba kamar kaji ba ne, namijin ya fi girman kai da kaurin wuya, yana kumbura maƙoshi yana juyi yana jan jela a ƙasa yana guɗa, amma ko tsofaffin hannu suna shan kaye. In ka ga aurenka sun tara ƙwai 4 a gurbi ɗaya ba ƙyanƙyasa to mata biyu aka haɗa ka da su, in kuma wata da watanni ba ƙwai sai kokawa to maza ne. Ƙwai in ya kwana 5 zuwa 7 ana kwanci ka haska shi da fitilar waya a duhu, mai ɗa za ka ga jijiyoyi ja a ciki.

Kafinta na Sabon Gari

Oga Gwale ya gama maganar tsuntsu, bari in yi ta katako tunda nan ne gonata.

Katako tu-bai-tu, wato mai inci biyu da biyu, ya ishe ku firam ɗin, ba sai kun sayi tu-bai-fo mai inci biyu da huɗu ba, ba rufin ɗaki za ku yi ba. Ku je 'Yan Katako na Na'ibawa, daga Hotoro ba nisa, ku ce a ba ku busasshe, ɗanye yana lanƙwashewa bayan wata ɗaya ƙofa ta ƙi rufuwa. Gurabun kuma ragowar falanki ko filawud da aka cire bayan an gama zuba rufin kankare sun wadatar, sun fi araha nesa ba kusa ba. Raga ku sayi mai ƙananan ido ta rabin inci, irin mai murabba'in nan mai ƙarfi, kar a yaudare ku da ta kaji mai manyan ido, ɓera yana ratsa ta kuma gafiya tana yaga ta. A Ƙofar Ruwa za ku samu ragar da kwano da ƙusa da hinjis duk wuri ɗaya.

Ku ɗaga shi daga ƙasa aƙalla ƙafa 2, ƙafafun ku shafe su da baƙin mai saboda gara kuma ku ɗora su kan bulo ko dutse kar su taɓa ƙasa, amma baƙin man a ƙafafu kawai, kar ya shiga inda tsuntsayen ke zama. Fuskar ɗakin kar ta kalli gabas, hadarinmu daga gabas yake tasowa zai riƙa watsa ruwa har cikin gurbi, iskar hunturu ita ma daga arewa maso gabas take kaɗowa, yamma kuma ranar la'asar ce za ta gasa su. In lungun ya ba da dama ku juya shi kudu. Kwanon rufi a karkace da ɗan baki ya leƙo waje, a ƙarƙashinsa ku sa silin ko zana ko da kwali ne, don zafin Maris da Afrilu a Kano yana haura 40 kuma kwano tsirara a kan 'yan shila ba ƙaramar azaba ba ce.

Wani abu kuma, ku duba kalanda, in Asabar ɗin ta ƙarshen wata ce akwai tsaftar muhalli ba fita sai ƙarfe 10, gara ku sayo kaya tun ranar Juma'a bayan masallaci. Kuma dan Allah ku huɗun nan a samu mutum ɗaya ya riƙe tef da fensir shi kaɗai, na san aikin abokai, kowa injiniya ne, wannan ya auna wancan ya yanke a ƙarshe katako ya ƙare ɗaki bai tashi ba.

Maman Abba

Ni dai ta uwargida na zo yi, tunda na ga duk kun tsallake layin ƙarshe na tambayar kamar ba ku gani ba.

Baban Ilham, maigidana yana kiwon su shekara da shekaru kuma ina jin daɗinsu ba zan ɓoye ba, farfesun 'yan shila ga mai jego ko wanda ya tashi daga ciwo ba a magana. Amma wanda ke wuni a gida shi ya san tattabara. Kai za ka fita tun safe, ita za a bari da kashi a kan shanya, ta wanke farin kaya ta dawo ta tarar an yi musu ado, in ta baza gero ko kuɓewa a tabarma sai ta sa yaro gadi, ruwan da ta tara a baho su shiga su yi wanka a ciki. Kuma ka ce bayan kicin ne? Haba dai. Gashi da ƙurar kashinsu za su riƙa shiga ta taga, in akwai wani lungun ka canja, in babu to tagar nan a sa mata net tun ranar da za ku yi aikin, ba wai gobe ba.

Sannan sharar ɗakin taka ce ba tata ba, ku yi wannan yarjejeniyar tun yanzu a gaban abokan naka su zama shaida. In za a share a fara yayyafa ruwa kuma a rufe hanci, busasshen kashin tattabara in ana shaƙarsa kullum yana taɓa ƙirji, in akwai mai asma a gidan ma sai ku sake tunani gaba ɗaya. Kashin kar a zubar, taki ne mai ƙarfi sosai, a tara a buhu ya daɗe ya huce kafin a sa wa shuka in ba haka ba ƙone ta zai yi, ni da shi nake zogale da alayyafo a tsofaffin bokitai, ka ga bokitan lungun naka ma sun samu aiki.

Kuma ranar Asabar ɗin cefanen ƙatti huɗu masu buga guduma ba irin na kullum ba ne, ka ƙara mata kuɗi.

Ɗan Maraɗi

Hajiya ta faɗi gaskiya, hhh. Ni ban yarda da Malam na Gwale ba a wuri guda, maimakon manya gara ka sayi matasa waɗanda suka fara cin abinci da kansu amma ba su taɓa tashi a wani gida ba, su ba su da inda za su koma, sati biyu zuwa uku sun zama naka. Sai dai haƙuri, sai sun kai wata 5 ko 6 za su fara ƙwai, kuma a wannan shekarun sanin mace da namiji sai Allah.

Abinci dawa da gero su ne asali, ka ɗan haɗa da alkama ko ɓarzajjen masara, lokacin da suke ɗura wa 'ya'ya ka ƙara wake ƙanana ko gyaɗa kaɗan. Kwanakin farko ba hatsi suke ba 'ya'yan ba, wani farin abu ne kamar kindirmo da ke fitowa daga maƙoshin uwa da uban duka, shi ya sa ɗan shilan da iyaye suka yasar yana ɗan kwana biyu da wuya ya rayu a hannun mutum. Ka aje musu tsakuwa ƙanana da dakakken ɓawon ƙwai da ɗan gishiri ko kanwa a wani gwangwani daban. Ruwa kuma mai ɗan zurfi, su ba sa ɗaga kai kamar kaza, tsoma baki suke su zuƙa, kuma a sauya shi kullum don ta ruwa ciwon bakin nan ke yaɗuwa, wanda za ka buɗe bakin ɗan shila ka ga wani abu rawaya-rawaya ya manne a maƙogwaro. Yana da magani wurin likitan dabbobi in an yi da wuri. Wanda ba ya da magani shi ne mai murɗe wuya, ka ga tsuntsu yana kallon sama yana juyi yana zawo kore, dangin ciwon nan ne da ke share kaji lokacin sanyi, sai dai rigakafi da ware wanda ya kamu. Saboda shi duk tattabarar da ka sayo daga baya kar ka jefa ta cikin naka kai tsaye, ta yi sati biyu a keji ita kaɗai tukuna. Da damina kuma sauro na kawo musu ƙuraje a ido da baki, musamman 'yan shila da ba su yi gashi ba.

Sai haƙƙin maƙota. In baƙuwar tattabara ta biyo naka ta shigo, tana da mai ita, ka yi cigiya. Kuma kar a saba da hawa katanga ko rufi don kama tsuntsu ana leƙa gidajen mutane, yawancin rigimar da ake da masu tattabaru a unguwa daga nan take farawa.

Baban Ilham

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mutanen majalisa, mai jarka ya ce shi dai a bar masa biyu a gefe don a gani nan gaba, mun bar masa. Oga kafinta na duba lungun, kudu ba za ta samu ba saboda katangar maƙoci, sai dai yamma, amma akwai bishiyar darbejiya da ke tare rana daga wajen ƙarfe 3, ya kake gani? Hajiya Maman Abba saƙonki ya isa inda kika aika shi, ita ta karɓi wayar ta karanta da kanta, yanzu maganar ta koma net na taga da sabuwar igiyar shanya a can gefen zaure kafin a buga ƙusa ko ɗaya.

Kafinta na Sabon Gari

Yamma da inuwar darbejiya ba laifi, sai dai ka sare reshen da ya sunkuyo kan rufin don mage ta nan za ta riƙa dirowa. Ka turo hoton lungun da awon tsayin katangar in lissafa maka tu-bai-tu nawa za ku saya.