Wane suna za mu ba "mite" da Hausa?

'Yan'uwa masu aikin fassara, ga wata kalma da ta tsayar da ni jiya. Ina juya wani bayani kan yadda masana ke tantance wani nau'in "mite" (sunan wata mitsitsiyar halitta ne da Turanci) da ba a cika samunsa ba. Sukan ɗora shi a kan ɗan gilashi, su sa a madubin likita, su ƙirga gashin bayansa da na ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci gashi ƙwaya ɗaya ne ke raba nau'i da nau'i. Aiki mai tsanaki irin wannan, sai mu kuma mu ce "ƙaramin ƙwaro" mu wuce? Raina bai kwanta ba.

Wani malamina ya ce in sa "ƙuma". Allah ya gafarta Malam, ƙuma da ƙwarƙwata da kuɗin cizo ƙafa shida gare su. Wannan kuwa in ya girma takwas gare shi, kamar gizo-gizo da kunama, ko da yake da shida yake ƙyanƙyashewa. Ba shi da fiffike, ba shi da ƙahon shinshina. 'Yar gidansu da muka sani ita ce kaska, rukuni ɗaya masana suka sa su, kuma nau'in da aka riga aka ba suna ya haura 48,000.

Aro ma na gwada. In ka ce "mait" a rediyo, "maita" kunne zai ji.

Mun fa daɗe da waɗannan halittu. Ƙazwa aikin ɗayarsu ce, macen ke haƙa rami a ƙarƙashin fata ta zuba ƙwai, tun 1687 wasu 'yan Italiya biyu, Bonomo da Cestoni, suka nuna haka. Jan abin nan mai laushi kamar karammiski da ke fitowa bayan ruwan farko, wanda muke ɗauka a tafin hannu muna yara ya naɗe ƙafafunsa, shi ma nasu ne. Haka koriyar da ke tsotse ganyen rogo, wadda a Afirka aka fara ganin ta a Yuganda a 1971. Cibiyar binciken noma ta IITA ta kawo wata daga Brazil mai cinye ta, aka sake ta a Jamhuriyar Benin a 1993. In duka biyun "ƙwaro" ne, ta yaya malamin gona zai gaya wa manomi wacce ce ɓarauniya, wacce ce mai gadi?

Ni dai na tsaya a kan "ƙanwar kaska", jam'i "ƙannen kaska", rukunin gaba ɗaya kuma "dangin kaska". Sai a ce ƙanwar kaska ta rogo, ta ƙazwa, ta kaji. Wata 'yar'uwa ta ce ai jan nan na damina ya fi wasu kaskar girma. Gaskiya ne, Yaya, amma ƙanwa kan fi yayarta tsawo, ba ta daina zama ƙanwa ba. Da ita na ci gaba da fassarar.