Neman shawara: wace manhaja ta dace da kundin adireshin masu sana'a?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in gina kundin masu sana'ar hannu na Kano a intanet: teloli, masu walda, kafintoci, masu gyaran waya na Farm Centre, masu gyaran janareta. Kowa da shafinsa, a sa sunan shago, unguwa, lambar waya da hoto ɗaya. Yanzu bayanan suna cikin Google Sheets, sun haura shago 500. So nake shafukan su zama tsayayyu, wato HTML zalla da aka riga aka gina, don ba ni da ƙarfin biyan kuɗin saba (server, kwamfutar da ke gudanar da shafin a intanet) duk wata, kuma yawancin masu dubawa da ƙaramar waya da data kaɗan za su shigo. Na ɗan iya HTML da CSS. A cikin manhajojin gina shafi, Hugo zan kama, ko Jekyll, ko in haƙura da WordPress? Allah ya saka da alheri.

Injiniya daga Zariya: Wa alaikumus salam. Ka ɗauki Hugo. Fayil ɗaya kake saukewa, ba sai ka girka yaren kwamfuta na Ruby kamar yadda Jekyll ke buƙata ba, kuma shafi 500 kafin ka ɗaga kai ya gama gina su. Abin da ya fi dacewa da aikinka shi ne tsarinsa na rukuni: ka ce wannan shago sana'arsa ɗinki, unguwarsa Gwammaja, shi da kansa zai fitar maka da shafin duk teloli da shafin duk 'yan Gwammaja. Tun 2024 ma yana iya gina shafuka kai tsaye daga fayil ɗin bayanai, don haka ka sauke takardarka ta Google Sheets a matsayin CSV, wato fayil ɗin jadawali na rubutu zalla, ka ba shi. Kada ka yarda ka kwafe shagunan ɗaya bayan ɗaya da hannu. Takardar nan ita ce jarinka, ko gobe ka bar Hugo ka koma wata manhajar irinsa kamar Eleventy da ita za ka tafi.

Wata 'yar uwa mai zanen shafuka: Injiniya, gaskiya ka faɗa, sai dai ba ka gaya masa wahalar samfurin Hugo ba, wato ƙirar da yake zuba bayanai a ciki ya fitar da shafi. Wanda bai saba da Go, yaren kwamfutar da aka gina Hugo da shi ba, zai sha fama a makonnin farko. Malam, in kana tsoron baƙin allon rubuta umarni, ka duba Publii. Kyauta ce, a kwamfutarka take aiki ko babu intanet, kana rubutu kamar a WordPress tana fitar da shafuka tsayayyu. Matsalarta a aikinka ita ce shigar da shagunan, don ba a gina ta domin kundi irin wannan ba. WordPress kuma da Simply Static, ƙarin manhajar da ke mayar da shafukansa tsayayyu, yana yi, amma aiki biyu ne, kuma nauyin jigon, wato ƙirar kamannin WordPress ɗin, yana biyo shafin.

Injiniya daga Zariya: Haka ne Hajiya, akwai koyo. Amma samfuri biyu kawai yake buƙata, na shago da na jeri. Wajen ajiye shafukan a intanet kuma Cloudflare Pages na kyauta yana ɗaukar fayil har 20,000. GitHub Pages ma kyauta ne, iyakarsa 1GB, sai dai ƙa'idarsu ta hana amfani da shi don gudanar da kasuwanci, ka lura in kana da niyyar karɓar kuɗin talla.

Dattijon zaure: Ɗana, duk sun ba ka amsa mai kyau, ni abin da ke damuna daban ne. Wa zai riƙa sabunta kundin? Mai gyaran waya yana canja lamba, tela yana tashi daga shago in haya ta ƙare. Mutum ya kira lamba uku a kashe, ba zai sake dawowa ba. Yahoo ta rufe nata kundin shafukan intanet a 2014, wani kundin irinsa mai suna DMOZ ya bi a 2017, ga su da ma'aikata da dubban 'yan sa kai. Ka ƙara layi a takardarka na ranar da aka tabbatar da kowace lamba, ka nuna ranar a shafin. Sannan ka nemi izinin kowane mai shago kafin ka buga lambarsa. Akwai dokar kare bayanai ta 2023, kuma ko babu doka hakki ne, musamman mata masu ɗinki a cikin gida.

Wata 'yar uwa mai zanen shafuka: Ƙari kan maganar Baba: akwatin bincike. Manhajar bincike ta Pagefind tana yi a shafi tsayayye ba tare da saba ba. Amma mutanenmu "dinki" suke rubutawa a waya, ba "ɗinki" ba, sai ka sa duka biyun a bayanan shago. Adireshin shafi ma ka bar shi da baƙaƙe marasa lanƙwasa, don kada ya rikice in an tura a WhatsApp. Hotuna kuma ka bar Hugo ya rage girmansu, su ne ke cinye data.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Zan gwada Hugo da teloli kaɗai tukuna, waɗanda suka ba ni izini. Injiniya, in na maƙale a wajen CSV ɗin zan dawo gare ka.

Injiniya daga Zariya: Ba damuwa. Ka turo kanun layukan takardar kawai, ban da lambobin mutane, in nuna maka yadda za ka jera su.