Shagunan ƙasa a Gujungu: a rushe ko a gyara?

Ɗan Taura: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya bar mana shaguna 4 na tubali a bakin kasuwar Gujungu. Tun ambaliyar 2022 bangon baya ya tsage, gindinsa yana zubewa. Naira miliyan 3 muka haɗa. Mu rushe mu gina 2 da bulo, ko mu gyara huɗun mu canja kwano? Akwai 'yan haya a ciki, cinikinsu na ranar Lahadi ne.

Abu Hanifa: Ka zuba dakin na kankare ka hau bene kawai.

Ɗan Taura: Yaya, miliyan 3 fa na ce.

Baba Magini: Ɗana, kada ka yarda a shafa wa bangon ƙasa siminti. Ba ya kamawa, damina biyu zai ɓanɓare, ruwa ya kwanta a bayansa. Iyayenmu makuba suke sawa. In harsashin ya jiƙe, rushe na baya kaɗai ka tayar da bulo.

Hajiyar Ringim: Ni dai ku ji tsoron ɗan kwangila. Shaguna 3 na ba wani, ɗan unguwarmu ne ma, na sayar da shanuna biyu a Maigatari na damƙa masa. Bulon da ya buga da farce ake kankare shi, yashi zalla. Rodin lintal siriri ya sa. Kafin a ɗora rufi bango ya buɗe, hannuna yana shiga. Na kai ƙara wajen mai unguwa aka ce in yi haƙuri, zumunci. Har yau kangon yana nan, awaki ke kwana ciki, mu haɗu da shi a masallacin Idi ya gaishe ni ko kunya babu.

Na Hadeja: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Siminti nawa yanzu? Na saya 9,500.

Abu Hanifa: Ina? 10,500 ne wajenmu. Tun da kamfanin BUA ya ce buhu 3,500 a 2023 nake jira.

Sarkin Zolaya: Ci gaba da jira, jikanka zai saya.

Injiniya: Ku daina jin na magina. A kira mai ilimi ya duba ƙasar.

Baba Magini: Yaro, ina ɗora azara ba a haife ka ba.

Na Hadeja: Duk ba wannan ba, akwai takardar fili? Shagunan Filin Idi na Kano bulo da rodi ne, a 2023 aka rushe su.

Hajiyar Ringim: Yashin ma nawa tipa? Masu tipar nan sun cinye bakin kogi, gonar ƙanena rabinta ta rufta.

Abu Hanifa: Mu hanyarmu suka kashe, ko mai naƙuda sai a amalanke.

Ɗan Taura: Jama'a, 'yan hayar fa? In tashe su ko a yi aikin suna ciki?

Na Hadeja: Abu Hanifa, wace hanyar? Mu ma tamu haka take.