Jama'a a taimaka min da Hausar cutoff, yara sun ɗauka ɗauke wuta nake nufi

Daga Garwa:
Assalamu alaikum masu harkar kiɗa na Kamaru da Chadi, da ma na tsallaken iyaka. Kalma nake nema. A jikin sintesaiza ta analog, wato injin haɗa sautin kiɗa da lantarki, irin mai maɓallan murɗawa ba ta cikin kwamfuta ba, akwai maɓalli guda da kusan duk aikin haɗa bes, wato sautin kiɗa mai kauri na ƙasa, a kansa yake, an rubuta masa cutoff, mu da muka yi boko da Faransanci kuma fréquence de coupure muka sani. Toh matsalar duk yaron da ka cewa kupur a garin nan sai ya ɗaga kai ya kalli ƙwan lantarki, don shi a saninsa kupur ɗauke wuta ce.

Ga wanda bai san abin ba, injin sauti ɗanye yake fara fitarwa, yawanci wanda ake kira haƙorin zarto saboda siffarsa in an zana shi. In ka danna maɓallin sautin da ake kira La na ƙasa, daidai da tsirkiya ta biyu a kauri a gitar bes, girgiza 55 yake yi a daƙiƙa, amma ba ita kaɗai ce a ciki ba, akwai 110 a kanta da 165 da 220 haka har sama can inda yake ƙaiƙayin kunne. Sai a tura shi cikin filta, ita kuma ta bar na ƙasa su wuce ta danne na sama, toh cutoff shi ne daidai inda dannewar take farawa, ka murɗa hagu sauti ya yi kauri ya dushe, ka murɗa dama ya yi kaifi. A sintesaizar Minimoog da ta fito a 1970 dannewar da ƙarfi take, desibel 24 (ma'aunin ƙarfin sauti) a kowace oktaf, wato duk sanda girgiza ta ninka, tana cikin abin da ya ba besinta nauyin nan da har yau ake kwaikwayo. Kenan kalma biyu ma nake nema, ta filta da ta cutoff ɗin.

Daga Marwa:
Wa alaikumus salam yayana. Ai wannan ba abin wahala ba ne, rariya mana. Kowa ya santa, wani ya wuce wani ya tsaya, shikenan.

Daga Ngaundare:
A'a Malam, da gani ba ka taɓa tankaɗe ba. Rariya gari mai laushi take sakewa ta riƙe tsaki, shi kuma yayanmu cewa ya yi wannan mai kaurin take bari ya wuce siririn take tarewa, kaga ai juyin waina ne. Ka faɗa wa yarinya rariya za ta ɗauka bes ɗin ne zai maƙale a sama. Ni mawaƙiya ce ba na taɓa injin amma wannan kam na fi ku sani.

Daga Marwa:
Hajiya kin kama ni. Toh mataci fa? ko matata.

Daga Njamena:
Ni wallahi da na ji matata matatar mai ta Jarmaya nake tunawa ba kiɗa ba. Me ya sa ba za mu bar ta filtir yadda muke faɗa ba, mutanen Kano su ce filta, kowa ya gane? Mota da rediyo ai ba mu fassara su ba kuma ba wanda ya mutu. In yaro ya je YouTube neman darasi da matata zai nema?

Daga Kusiri:
Ɗana na Njamena maganarka tana kan hanya amma rabi. Ni gyaran rediyo da amfilifaya nake tun ba a haifi wasunku ba, sunan da ke rubuce a jikin ƙarfe dole yaro ya iya karanta shi, wannan ba gardama. Amma abin da ake faɗa lokacin da hannu ke kan maɓalli daban ne, kuma ku duba da kyau, ba wanda yake cewa ƙara cutoff a situdiyo, Bafaranshe cewa yake buɗe filta rufe filta, Bature ma haka. Toh me ake buɗewa a rufe sauti ya canza? Baki. Ku gwada yanzu, ku ja aaa sannan ku tattara leɓe a hankali ya koma uuu ba tare da kun sauya murya ba. Maƙogwaro abu ɗaya yake bayarwa, bakin ne yake danne na sama, kuma ba misali nake kawowa ba, aikin ɗaya ne sak. Don haka ni a wurina cutoff bakin matata ne, ko ma baki kawai.

Daga Garwa:
Baba Allah ya ƙara girma, wannan ta zauna min. Har ta warware min wani abin da ban tambaya ba, wato enbelop ɗin da ke motsa filta da kansa duk sanda aka danna, wanda yake sa bes ya yi "bau" maimakon "buuu", yanzu sai in ce wa yaro injin ne yake buɗe baki da sauri ya rufe, in ka gajarta lokacin rufewar bes ya yi tsalle, in ka tsawaita ya yi jan jiki. Sintesaizar Roland TB-303 ta 1981 ma da aka yi ta don ta tsaya a madadin mai gitar bes, kasuwa ta ƙi ta aka daina ƙera ta a 1984, abin da ya dawo da ita kenan, samarin Cikago suka saye ta da araha suna murɗa bakin nan kiɗa na tafiya.

Kuma kalmar za ta taimaka min a faɗan da nake yi da su kullum. Yaro zai rufe baki ruf don yana jin ƙirjinsa na rawa a gaban manyan lasifikoki, ya ƙara sub a kai, wato sautin da ke oktaf ɗaya a ƙasa, ya ce Malam ji nauyi, a tura waƙar ta WhatsApp mai ita ya kunna a waya ya bugo yana tambaya ina bes ɗin. Lasifikar waya ba ta iya fitar da 55 balle rabinta, abin da kunne ke kamawa 'ya'yan nan ne na sama, su 110 da 165, daga su yake gane uwar, wato 55 ɗin, ko bai ji ta ba, in ka danne su duka ba ka bar wa waya komai ba. Mutanenmu kuwa a waya da 'yar lasifikar Bluetooth suke jin waƙa, ba a situdiyo ba. Yanzu zan ce masa bar bakin a ɗan buɗe.

Daga Ngaundare:
Toh maɓallin da ke kusa da na cutoff fa, wanda in an murɗa sauti yake yi kamar ana magana ta hanci har ya koma fito?

Daga Kusiri:
Rezonans kenan 'yata, yana ɗaga sautin da ke daidai bakin ne ya yi tsini, kuma a irin filtar Moog in ka cika shi yana cinye kaurin ƙasa, don haka mai haɗa bes ya sa kaɗan. Ni tsini zan ce.

Daga Marwa:
Ni kuma hanci, tunda an riga an samu baki.

Daga Njamena:
Baki na karɓa, Baba ya yi gaskiya, buɗe da rufe ɗin dama muna faɗa. Amma matata kam ku riƙe abinku ni filtir zan ci gaba da cewa. A batun na biyun ina bayan tsini, don in ka ce wa mawaƙi an sa masa hanci a waƙa sai ya ɗauka zaginsa kake.